'Yar Kusa, Wuƙar Zamdari

A zamanin da ganuwar birnin Zamdari ke tsaye da ƙofofinta biyar, babu sunan da ke sa mazajen ƙasar Kwalbe su yi tsit a majalisa kamar sunan wata wuƙa. Tsawonta duka bai wuce taƙi ɗaya da yatsu huɗu ba. Dakarun Zamdari na kiranta 'Yar Kusa, wanda ya ƙera ta kuwa shi ne Ranau, Sarkin Maƙera.

Asalinta wata rana ce ta kunya. Shekara goma sha huɗu kafin abin da za mu faɗa, mayaƙan Kwalbe suka ja rundunar Zamdari cikin Kwazazzabon Tsamiya, inda mutum uku ba sa iya jerawa. Aka matse, ƙirji da ƙirji. Takubba suka zama kaya, ba wurin zare su balle a kai sara, masu kuma suka sarƙe a sama kamar karan dawa bayan iska. Mutanen Kwalbe na sanye da sulke, suka yi ta danne jama'a da garkuwa suna tattakewa. Ranau ya bi rundunar ne don gyaran makamai. Shi ya jawo Yarima Tunau daga ƙarƙashin mataccen doki, ya goya shi har bakin gulbi. A hanya Yarima na ta maimaita magana ɗaya cikin zafin rauni: "Ina ganin wuyan mutumin, ina jin numfashinsa, amma ba ni da abin da zan kai masa."

Wannan magana ta zauna a zuciyar Ranau shekara uku. Wuƙar farko da ya ƙera ta karye a zoben sulke. Ta biyu ta lanƙwashe. Ta uku ta shiga, amma ƙotar ta sulluɓe masa, kaifin ya yanke jijiyar yatsunsa biyu na hagu, ba su ƙara miƙewa ba har abada. Ta tara ita ce ya kai fada, a shekarar da Tunau ya hau karagar ubansa.

Aka rataye sulke a jikin kututturen giginya a tsakar fada. Ranau ya durƙusa, ya ɗora wuƙar a tafin hannuwansa.

"Allah ya ja zamanin Sarki," in ji shi, "ga maganin Kwazazzabon Tsamiya. Baki biyu gare ta, don kada mai ita ya tsaya juya hannu. Wannan doron da ya bi tsakiyarta shi ne ƙashin bayanta, shi ke hana ta lanƙwasa. Tsininta na siranta shi kamar basilla, ya shiga zobe ɗaya ya buɗe shi, sauran jikin ya bi. Baƙar tama da jar tama na haɗa, mai tauri da mai haƙuri, ban kuma kashe zafinta a ruwa ba, a man kaɗanya na tsoma ta, don ruwa na sa ƙarfe tsagewa. Ƙotar ƙirya ce, na naɗe ta da fatar guza, ko gumi ko jini ba ya sa ta santsi. Wannan ɗan ƙarfen da na gicciya a wuyanta, yatsuna biyu na bayar kafin in san amfaninsa."

"Ina ake rataye ta?" Sarki ya tambaya.

"Ba a rataye ta, Zaki. A cunkoso hannu ba ya kaiwa ga ɗamara. Kubenta a damtsen hagu yake, ƙota na kallon wuyan hannu. Mutum na riƙe da garkuwarsa, dama ta kai ziyara hagu, shi ke nan."

Ya miƙe ya soki sulken sau ɗaya. Sai da dogarai biyu suka taru kafin a zare wuƙar daga giginyar.

Sarki Tunau ya sauko daga karaga, abin da ba a saba gani ba, ya kama hannun Ranau mai shanyayyun yatsu ya ɗaga shi a gaban hakimai. "Ku shaida," ya ce. "Wannan hannu ya ɗauke ni daga bakin mutuwa, yau kuma ya ɗauke Zamdari. Muddin ina numfashi, wanda ya taɓa Ranau ni ya taɓa."

Ranau ya ƙera wuƙa ɗari takwas, kowace sai ya auna tafin hannun mai ita kafin ya sassaƙa mata ƙota. Da kaka ta yi aka haɗu da Kwalbe a Mashigin Kada. Dakarun Zamdari suka nemi cunkoso da kansu, suna shiga ƙarƙashin garkuwa suna suka a hammata da maƙogwaro. Kafin la'asar sulken Kwalbe ya zama likkafani. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya ƙara ɗaga tuta ya nufo Zamdari.

Sai tsohon Sarkin Kwalbe ya rasu, ɗansa Dagazau ya gaje shi.

Wata safiya a farkon damina jakadansa ya iso fada da ƙorai biyu a rufe. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya buɗe su a gaban Sarki. Ɗaya gero ce, ɗaya toka.

"Ubangijina Dagazau, Giwa mai karya itace, yana gaida ɗan'uwansa Tunau," in ji jakadan. "Ya ce in shaida maka sarakuna huɗu na arewa sun haɗa kai da shi, tutocinsu na kafe a Fadamar Kuka. Ya ce ba ya ƙishin jinin Zamdari. Abu ɗaya yake so, a ba shi maƙerin nan Ranau ya zauna a inuwarsa. In an ba shi, ga gero, shekara goma ba mai taka gonar wani. In an hana, ga toka. Kwana bakwai zan jira a masauki."

Da aka fita da shi, Sarki ya sa aka rufe zaure, ya rage daga shi sai manyan majalisa. Ranau ba ya cikin gari, yana can dawa inda ake narka tama, bai san wainar da ake toyawa ba.

Kaura Nomau, shugaban mayaƙa, tsoho mai ido ɗaya, shi ya fara magana.

"Allah ya ba ka nasara. Ni ban iya zaƙin baki ba, abin da na iya shi ne ƙirga mazaje. Da Dagazau ya tabbata yawansa zai ci mu, da bai aiko da gero ba, da kansa za mu gani a bakin ganuwa. Tsoron abin da ke damtsenmu ne ya sa shi sallama. Yanzu kura ta ce wa makiyayi ya ba ta sandarsa su yi zumunci, mu kuma mun zauna muna shawara? In ka ba shi Ranau, baɗi war haka 'Yar Kusa na hannun mutum dubu biyar, mu muna da ɗari takwas. Wannan ke nan. Na biyu kuma, Zaki, ina tsaye a tsakar fadar nan ranar da ka ɗaga hannun mutumin. Idona ɗaya ne, amma ya gani."

Galadima Barmo, ƙanen mahaifin Sarki, ya gyara zaman rawaninsa. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya gaggawar magana.

"Kaura ya yi maganar mazaje, kuma ba a raina maganar mazaje," ya ce. "Amma Sarki uban marayu ne, ba uban mayaƙa kaɗai ba. Shuka ta fito, rumbuna sun yi ƙasa. In aka kewaye mu wata uku, ba takobi zai ci mu ba, yunwa ce. Ranau ya tsufa, almajiransa arba'in sun iya abin da ya iya. Ba kashe shi za a yi ba, gida za a ba shi da bayi. Shekara goma kuwa ta ishe mu mu ɗaga ganuwa, mu nemi abokai a kudu. Alkawarin da Sarki ya yi wa mutum ɗaya abin girmamawa ne. To wanda ya yi wa ƙasa duka ranar naɗinsa fa? In guguwa ta taso, reshe ake sarewa don a tsirar da uwar itace."

"Reshen da ka ke magana shi ne saiwar," Kaura ya amsa.

Suna cikin haka Sarkin Tambari ya nemi iso. Ya ce an buɗe ɗakin tambura don a shanya fatu, sai aka tarar kudan zuma ya yi gida cikin babban tambarin yaƙi, ba mai iya kusantarsa.

"Ka ji ishara, ranka ya daɗe," in ji Galadima. "An rufe bakin tambari da zuma. Bana ba shekarar yaƙi ba ce."

"Ni kuwa abin da na ji daban ne," Kaura ya ce. "Wane ne ya fi kudan zuma gajeren makami? Wa kuma ke shiga gidansa ya fito lafiya?"

Sarki Tunau ya daɗe yana kallon ƙoran nan biyu. Tun daga Kwazazzabon Tsamiya bai ƙara son wurin da ya matse ba, ko soron da ba taga ba ya iya zama a ciki, kuma maganar kewaye birni ta taɓa shi inda Galadima ya san za ta taɓa. Daga ƙarshe ya ce, "Mun ji. Kada maganar nan ta fita zauren nan."

Washegari ya kira Kaura shi kaɗai. "Mun ɗauki toka," ya ce masa. "Tafi garuruwan gabas ka tattaro mini 'yan baka." Tsohon ya faɗi ya yi godiya har da ƙwalla, ya hau ya fita da murna. Ƙurarsa ba ta kwanta ba aka aika dawa a kirawo Ranau.

Ranau ya shigo da baƙin gawayi a gwiwar hannu. Sarki ya sa aka yafa masa riga saƙi mai aiki, aka jawo masa doki fari da sirdi.

"An ce an ga wata tama a Dutsen Kurciya, kusa da iyaka," in ji Sarki. "Ba na son kowa ya duba ta sai kai. Dogarai goma za su raka ka."

"An gama, Zaki. Kwana huɗu na dawo maka da labari."

Ya juya zai fita, Sarki ya kira shi. "Ranau. Hannun nan, yana damunka har yanzu?"

"Sai in hadari ya haɗu, ranka ya daɗe."

Sarki ya gyaɗa kai, idonsa na kan shimfiɗa. Ranau ya lura bai dube shi ba ko sau ɗaya, amma ya ɗauka nauyin mulki ne.

Rana ta biyu da hantsi suka iso gulbin da ya raba ƙasashen biyu. Babban dogarin ya matso ya ce, "Sarkin Maƙera, ara mini wuƙarka in gyara linzami." Ranau ya zare ta daga damtse ya miƙa masa. Dogarin bai mayar ba. Sai ga mahaya sun fito daga cikin duhuwar ƙetare, su wajen hamsin, da jakadan nan a gaba, ƙwaryar gero na rataye a sirdinsa babu komai a ciki. Dogarin ya kama linzamin farin dokin, ya ja shi cikin ruwa, ya danƙa a hannun jakadan.

Ranau ya dubi dogaran ɗaya bayan ɗaya. Duk ya san su, shi ya auna tafin hannun kowannensu. Ba wanda ya iya ɗaga kai.

"Galadima ne ya aiko ku?" ya tambaya.

Dogaran suka fara juya dawakansu.

"Ina tambayarku. Sarki ya san da wannan?"

Babban dogarin ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Sarki da kansa ya ce in gaya maka, baba, wai ƙasa ta fi mutum ɗaya."

 Ranau ya tuɓe rigar saƙin, ya sake ta a ruwa, ya ƙetare da 'yar sharar da ya saba aiki da ita.

Dagazau saurayi ne ƙaƙƙarfa, mai yawan dariya, ba ya ɓoye abin da ke ransa. Ya karɓi Ranau a tsaye, ya ba shi gida da maƙera sabuwa, da zugazugai shida da tarin gawayin ƙirya.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, tsoho, ka sha ƙarya ta ishe ka," ya ce. "Na ce ba zan taka gonar Tunau ba, kuma ba zan taka ba. Ta hanya zan bi in shiga birninsa, da zarar an yi girbi. Maƙerana sun kwaikwayi wuƙarka daga waɗanda muka tsinta, tasu na karyewa kamar rake. Koya musu."

"Na ci gishirin Zamdari shekara sittin," in ji Ranau. "Sarkinta ya sayar da ni, amma matan da ke daka a lungunanta ba su sayar da ni ba. 'Ya'yana na can. Ba zan hura wuta ba."

"Zauna ka huta," Dagazau ya ce yana murmushi. "Ban gaji da jira ba."

Kwana arba'in maƙerar na sanyi. Ranau na zaune a ƙofarta kullum, fuskarsa na kallon yamma inda Zamdari take. A ransa yana cewa wataƙila dabara ce, wataƙila Tunau na sayen lokaci ne, zai aiko a fanshe shi. Mutumin da ka goya a bayanka, ka ji bugun zuciyarsa a kafaɗarka, da wuya ka yarda ya yar da kai gaba ɗaya.

Ranar arba'in da ɗaya masu gadi suka shigo da wata tsohuwa, ƙafafunta duk faso da jini. Sai da ta yi magana ya gane matarsa ce, Tabawa.

"Maigida," ta ce, ta zube a gabansa. Ya ba ta ruwa ta sha, ya jira.

"Kwana uku da tafiyarka aka yi shela a kasuwa," in ji ta. "Wai ka gudu da kanka, ka sayar wa Kwalbe asirin wuƙa. Galadima ne ya sa aka yi, don jama'a sun fara tambaya. Aka rushe maƙera, aka sa wa gidanmu wuta. Mutanen da ka yi wa fartanya kyauta, da su aka yi jifa."

"Jatau fa?" Jatau shi ne babban ɗansu, shugaban dakaru ɗari.

Tabawa ta kama bakin zanenta ta murɗe. "Ya tafi ƙofar fada, ya tsaya ya ɗaga murya. Ya ce Sarki ya fito ya faɗa da bakinsa cewa ubansa maci amana ne, in ya faɗa shi zai yarda. Tun hantsi yake kira har azahar. Sarki na ciki, kowa ya san yana ciki. Bai fito ba. Sai Galadima ya ce ɗan maciji maciji ne. A bakin kasuwa suka yanka shi, maigida. Ba su bar ni na rufe shi ba. Kaura ne da ya dawo daga gabas ya tone maganar, ya shiga fada ya jefar da rawaninsa a gaban Sarki, ya kuma fitar da ni ta ƙofar kudu cikin kayan masu itace. Sauran yaran sun watse, ban san inda suke ba."

Ranau bai yi kuka ba. Ya zauna har inuwa ta juya, yana kallon yatsunsa biyu da ba sa miƙewa. Sannan ya tashi ya ce a kai shi wurin Dagazau.

"Ba zan ƙera maka 'Yar Kusa ba," ya ce. "Ba na son in ƙara ganin an haifi irinta. Amma ni na yi ta, na san inda ba ta ci. A tara mini fatun ɓauna, da dukawa ɗari."

Dagazau ya karkata kai. "Fata? Abin da ya huda ƙarfe?"

"Ƙarfe buɗewa yake yi, ranka ya daɗe, fata kuwa kamawa take yi. A jiƙa ta, a ninka uku, a daka ta a kan uwar maƙera har ta yi tauri, a ɗinka ta ƙarƙashin sulke a hammata da wuya, don nan kaɗai aka koya musu suka. Tsinin zai shiga yatsa ɗaya ya tsaya. Doron da ke hana ta lanƙwasa shi zai hana ta fita. Mai ita zai ja, kafin ya ja na biyu hannunsa na sama, haƙarƙarinsa a buɗe." Sannan ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya nake roƙo. Akwai tsoho mai ido ɗaya, Kaura Nomau. A bar shi da ransa."

"In ya ajiye makami," in ji Dagazau.

Da aka kai amfanin gona gida, rundunar Kwalbe da ta sarakunan arewa suka taso. Sarki Tunau ya fito ya tare su a Filin Gawo, ya bar Galadima da tsaron birni. Kaura Nomau ya karɓi rawaninsa ya ja dakaru, ya ce ba don Sarki ya fito ba, don ganuwar da aka haife shi a cikinta ne. Ranau na kan wani tudu tare da masu kaya, yana ganin komai.

Da rana ta ɗaga aka busa ƙaho. Kaura ya yi abin da ya saba, ya ja da baya kamar mai tsoro har ya kai gaɓar wani rafi inda fili ya tsuke, don a matse. Dagazau ya ba shi abin da yake so, ya turo masu sulke a gaba. Garkuwa ta haɗu da garkuwa. Daga kan tudu Ranau ya ga hannuwa ɗari takwas sun kai ziyara hagu a lokaci ɗaya, ƙarfe ya yi walƙiya, ihun Zamdari ya tashi kamar a Mashigin Kada.

Sai ihun ya canza. Mutanen Kwalbe ba su faɗi ba. Dakarun Zamdari na ja, wuƙaƙe sun ƙi fita, wasu na sa ƙafa suna fizga, gatura na sauka a kansu. Sahun farko ya kwanta, na biyu ya taka shi ya shiga, ya sami abin da na farko ya samu. Waɗanda ke baya suka ga abin da ba su taɓa gani ba, 'Yar Kusa a maƙale a jikin mutum, mutumin na tafiya. Nan zuciyarsu ta karye.

Ranau ya hango farin gemun Kaura a tsakiyar rafin, mutum shida kewaye da shi suna yi masa magana, da alama suna cewa ya ajiye. Tsohon ya yar da garkuwarsa, ya kama na kusa da shi ya soke shi a ido. Nan aka rufe shi da masu. Ranau ya zauna a ƙasa, ya rufe fuskarsa da hannuwa. Ya zaci in Zamdari ta faɗi wutar da ke ƙirjinsa za ta mutu, sai ya ji ta nan yadda take, ga kuma wani nauyi sabo a kanta.

Sarki Tunau ya tsere da mahaya ashirin, ya nufi birni a sukwane. Da ya iso Ƙofar Gabas ya tarar da ita a rufe. Zagaginsa suka yi ta kira a buɗe wa Sarki. Sai aka ji tambari na tashi daga cikin gari, irin kiɗan da ba a yi sai ranar naɗi. Galadima Barmo ya leƙo daga kan ganuwa, alkyabbar sarauta a kafaɗarsa.

"Baba!" Tunau ya yi kira. "Buɗe, suna bayana!"

"Na sani, ɗana," in ji Barmo da sanyin muryar nan tasa. "Tun kafin jakada ya kawo gero muka gama magana da Dagazau. Kai ma ka yarda ƙasa ta fi mutum ɗaya."

A nan bakin ƙofa mahayan Kwalbe suka cim masa, suka sauke shi daga doki, suka tuɓe masa rawani.

Kwana biyu bayan haka Dagazau ya zauna a rumfa a bayan ganuwa yana rabon ganima, sabon Sarkin Zamdari na gefensa. Aka kirawo Ranau. Ya zo ya tsaya, bai dubi Barmo ba.

"Tsoho, ka cika alkawari," in ji Dagazau, yau babu dariya a fuskarsa. "Na so in riƙe ka. Amma na kwana ina tunani. Kai ka yi wuƙar da ta ci sulke, kai ka yi fatar da ta ci wuƙar. Ranar da na ɓata maka rai, me za ka yi wa fatar? Abokina Barmo kuma ya ce bakinka ya fi hannunka haɗari a garin nan, don mutane sun yarda kai ka gudu, kuma gara su ci gaba da yarda. Ba zan kashe ka ba. Sarakunan arewa na son maƙeri a cikin rabonsu, ƙasarsu kuwa tafiyar wata biyu ce."

"Ka ce ba za ka yi mini ƙarya ba," in ji Ranau.

"Ban yi ba. Ban taɓa ce maka za ka koma gida ba."

Aka kai shi inda ake haɗa bayi biyu biyu. Wani maƙerin Kwalbe ya sa masa marin ƙarfe a ƙafar hagu, ya jawo ɗaya bakin sarƙar ya buga a ƙafar wani mutum da ke zaune a ƙasa, kansa ba rawani, leɓensa a fashe. Sai da mutumin ya ɗago Ranau ya ga Tunau ne.

Ayari ya tashi da hantsi, ya bi gefen ganuwa ya nufi arewa. Mutanen Zamdari na kan ganuwa suna kallo, wasu na tofar da yawu, ba a san ko wanne daga cikin biyun suke tofa wa ba. Can baya Tabawa na biye da su da goran ruwa a ka, masu gadi sun kore ta sau biyu ta ƙi komawa.

 Tunau bai saba tafiya a ƙasa ba, yana ta tuntuɓe, kowane tuntuɓe sai ƙarfen ya ci idon sawun Ranau. Da suka kai inda ganuwa ta ɓace a bayansu, Tunau ya tsaya cik.

"Sarkin Maƙera," ya ce. "Ranar da ɗanka ke kira a ƙofar fada, ina jinsa. Na tashi sau uku zan fito."

Ranau ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Mai gadi ya taso da bulala daga baya.

"Ɗaga ƙafarka, Tunau," in ji shi. "In ka tsaya, ni ake duka."